Matattun Bulumkutu da Likkafanin Hajja

Wata Asabar ce a farkon daminar 2013, da hantsi. Ina tsaye a kan turmin da na kife a bayan gidanmu na unguwar Bulumkutu a Maiduguri, murfin tukunya a hannun hagu, ludayi a dama, ina ba da umarni kamar wadda ta gaji aikin. Shekarata goma sha uku. A gabana ƙawata Rifkatu ta durƙusa da wayar yayanta tana ɗauka, shi kuwa Modu, ɗan maƙwabtanmu, yana kwance cikin tarin harawa, an naɗe shi da farin yadi daga wuya zuwa ƙafa, fuskarsa fari fat da toka. Na buga ludayi a murfi, Modu ya yunƙura a hankali, ya miƙa hannuwa gaba, ya saki gurnani, ya fara jan ƙafa ɗaya. Bai yi taku biyar ba babban ragon Baba, wanda aka turke tun lokacin don Sallar layya, ya tsinke igiya ya auna shi ta baya. Nan take gawa ta manta ita gawa ce, ta tattare yadi ta haye katanga tana kiran uwarta. Rifkatu ta zube ƙasa don dariya, amma ba ta saki wayar ba. Wannan wurin shi ya fi ko'ina ba mutane dariya a fim ɗinmu. Ni kuwa in na tuna shi kunya ce take rufe ni, domin farin yadin da Modu ya haye katanga da shi likkafanin kakata ne, kuma ni na ɗauko shi da hannuna.

Shekarar nan ta zaman gida ce, saboda rikicin da garin yake ciki. An ɗauke layin waya a garin baki ɗaya, wayoyi suka koma abin haska ɗaki da jin waƙa. Ga dokar hana fita, makaranta kuma yau a je, gobe a ce kowa ya zauna. Gonar waken Baba da ke Dusuman, inda muke zuwa kowace damina mu yi shuka da safe mu wuni muna kamun fara, a shekarar ko hanyarta ba mu gani ba. Baba dillalin dabbobi ne, da kasuwa ta yi sanyi sai ya dawo da raguna bakwai cikin gida, aikinsu ya faɗo kaina. Ni ce sharar turke, ni ce jiƙa dusa, ni ce tsayuwa a ƙofa ina jiran mai moya, wato ɗan ga-ruwa, ya turo baronsa. Da na gama wanke-wanke na tankaɗe wa Umma garin burabisko, sai na tsallaka gidan su Rifkatu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Babanta malamin firamare ne, mutumin kudancin Borno, mamanta kuma tana aiki a wani ƙaramin asibiti. Mun yi carafke har yatsunmu suka yi kanta, mun yi 'yar gala-gala har muka gaji da ganin juna. Abin da ya cece mu wasu faya-fayen sidi ne na yayanta, irin masu fim ashirin a faifai ɗaya, da muke kallo duk sa'ad da aka kawo wuta.

Rabin finafinan na zombi ne, matattun nan da ke tashi suna bin masu rai su cije su. Labarin kullum ɗaya ne. 'Yan makarantar Turawa, samari da 'yan mata, sai su tafi hutu wani gidan da ke tsakiyar daji, babu uwa babu uba, babu mai tambayarsu ina za su. Da farko mun ji tsoro, Rifkatu har tana kallo ta tsakanin yatsu. Daga faifai na uku muka koma yi musu tsiya. Yarinya ta ji ƙara a ɗaki mai duhu, maimakon ta yi ta kanta sai ta nufi ɗakin tana tambayar wane ne. Mu da muka san yadda ake yi in an ji ƙara, wato ka kwanta rub da ciki ka yi shiru, wannan wauta ta fi komai ba mu dariya. Su biyar ne, sai wani mai faɗin kafaɗa ya ce a rarrabu. Mota ba ta taɓa tashi a bugun farko. Mai gilashi shi ake fara cinyewa. Ni dama bakina ba ya shiru, Umma takan ce da surutu ake biya da tuni na gina mata bene. Na ce ai da a Maiduguri matattun nan suka tashi da sun ga ta kansu. Modu, wanda yake leƙen talabijin ta taga don an hana shi shiga ɗakin mata, ya ce to mu yi namu mana. A take na naɗa kaina darakta, babu wanda ya zaɓe ni.

Mun sa masa suna Matattun Bulumkutu. Matattunmu 'yan gari ne masu tarbiyya. Ba sa shiga gida sai sun yi sallama sun tuɓe takalmi. In mataccen ya kama mutum zai ciza, dole sai ya gaishe shi tukuna irin gaisuwarmu da ba ta ƙarewa: "Wushe, wushe. Ina gajiya? Ya gida? Ya yara? Ya mai jiki? Ya zafi?" Kafin ya kai ga tambayar dabbobi, mutumin ya kai bakin titi ya hau keke napep. Akwai wurin da suka kewaye wata mai ƙosai, ta ce layi za su bi kamar kowa, suka bi. Akwai inda suka zo shingen bincike aka ce hannu sama, su kuwa hannunsu gaba kawai yake miƙewa, aka sa su tsallen kwaɗo. Da ƙarfe shida ta yi, suna tsakiyar bin jarumar fim, wato Rifkatu da kanta, sai babbansu ya duba agogo ya ce dokar hana fita ta yi, kowa ya koma kabarinsa da gudu. Yaran layinmu muka shafa wa toka da gawayi suka zama rundunar. Su tsummokara sun ishe su. Amma babban mataccen, Modu, na ƙudurta a raina sai ya fito da kaya na gaske, ba zanin gado mai furanni ba irin wanda ya kawo.

Hajja ita ce mahaifiyar Baba, kuma a ɗakinta nake kwana tun aka yaye ni. A ruga ta tashi, cikin shanu, can wajen tafki, kuma har ta rasu ba ta yarda cewa madarar gwangwani madara ce ba. Doguwa ce, siririya, ba ka ganinta sai cikin lafaya, ƙamshin turaren wuta da humra na riga ta shiga wuri. Ni da ita wasan jika da kaka muke yi ba ƙaƙƙautawa. Tana kirana Rediyo, ina kiranta Tsohuwar Ruga. A ƙarƙashin gadonta akwai wani akwatin ƙarfe kore, makullinsa yana cikin ƙwaryar da take ajiye turare, kuma duk gidan ni kaɗai na san wurin, don ni take aika. Sau biyu a shekara takan buɗe akwatin, ta fito da wani farin yadi mai tsawo da ba a yanka ba, ta warware shi a kan gado ya sha iska, ta turara shi, ta ninke ta mayar. Ba zan yi ƙaryar cewa ban san ko mene ne ba. Na sani sarai. Ta gaya mini da bakinta cewa likkafaninta ne, daga Makka ta zo da shi shekarar da ta sauke farali, tun ba a haife ni ba. Abin da na riƙe ke nan. Sauran bayanin da take yi a kansa ya bi ta bayan kunnena, don a lokacin labarin tsofaffi ba ya zama a kaina.

Ranar Asabar ɗin nan Hajja da Umma suka tafi unguwar Shehuri gaisuwar mutuwa, kamar yadda suke yawan tafiya a shekarar. Baba yana kasuwa. Na shiga ɗaki na tsaya a gaban ƙwaryar turare na ɗan lokaci. Ba wai zuciyata ba ta hana ni ba, ta hana ni, na yi mata gardama na ci. Na ce aro ne na awa ɗaya, zan ninke shi yadda yake, kuma ai yadi yadi ne tunda ba a sa kowa a ciki ba. Da na buɗe akwatin ƙamshinsa ya buge ni, na ɗauko yadin na cusa shi cikin hijabina na fita. Na gaya wa Modu da Rifkatu cewa ragowar yadi ne da Baba ya saya don rigar Sallah. Da Modu ya san gaskiya ko kusa da shi ba zai zo ba, yaro ne mai tsoron irin waɗannan abubuwa, ko makabarta ba ya yarda ya nuna da yatsa. Da muka naɗe shi a ciki ya ce, "Zara, yadin nan ƙamshin tsofaffi yake yi." Na ce ya rufe mini baki, gawa ba ta magana.

Bayan rago ya kore shi ya dawo yana ɗingishi na gaske, yadin bai yi komai ba sai ɗan ƙura da ganyen harawa. Da a nan na tsaya da babu wannan labarin. Amma dariyar da yara suka yi ta hau mini kai. Saura fitowar ƙarshe, inda Rifkatu za ta kashe babban mataccen da muciya, sai na ga fim ɗin tsoro babu jini ai wasan yara ne. Umma tana sayar da zoɓo, ta dafa wanda za ta ƙulla da yamma ta bar shi a bokiti yana hucewa, mai kauri, ba a ko tsarma shi da ruwa ba. Babu wanda ya ba ni shawara, babu wanda ya tunzura ni. Na cika kofin silba, na hau turmi, wani yaro ya riƙe wayar, da Rifkatu ta ɗaga muciya sai na watsa wa Modu a ƙirji. Na ƙara na biyu don na farko bai fito sosai a waya ba. Modu ya faɗi yana shure-shure yana gaishe da mutane har numfashinsa na ƙarshe, yara suna tafi. Sai da aka watse, na zo warware yadin, na ga ja ya ratsa ninki bayan ninki har ya yi shuni-shuni a gefe. Na tura shi cikin buhun dusa da ba komai, na jefa ta katanga gidan su Rifkatu.

Washegari Lahadi, da suka dawo daga coci iyayenta suka kwanta hutawa, muka shiga bayan ɗakinsu da baho biyu. A nan na gaya wa Rifkatu gaskiya. Ta ce in je in faɗa wa Hajja tun abin bai yi nisa ba. Na ce ai sai dai in mutu. Sai ta ɗauko bilic ɗin da mamanta take wanke fararen kayan aiki da shi. Mun jiƙa, mun cuɗa da sabulu, mun ɗauraye, mun sake jiƙawa. Jarka huɗu ta ruwa muka ƙarar. Fatar yatsuna ta yi fari ta tattare, idanuna suna ta hawaye don warin. Sau uku muka yi kafin jan ya fita, amma ya fita tas. Da muka shanya shi a rana har ɗaukar ido yake yi, ya fi yadda na ɗauko shi haske. Na goge shi da dutsen guga na gawayi, na ninke shi bisa tsohon karinsa, na saci turaren Umma na turara shi har sau biyu. Ranar Litinin Hajja tana sallar walaha a tsakar gida na mayar da shi cikin akwati. Na fito ina jin kaina wata gwana. Har tausayin Rifkatu na ji, da take neman in tona wa kaina asiri a banza.

Fim ɗin kuwa ya yi farin jinin da ba mu zata ba. Babu layi, amma akwai bulutut, daga waya zuwa waya ya zagaye unguwa cikin mako guda. Masu keke napep suna kallonsa a tasha. Mai moya ya fara yi mini sallama da "Darakta." Matan da suka yi watanni ba a ga haƙoransu ba suna riƙe ciki suna cewa a maimaita musu wurin ragon. Har yau ina ganin wannan shi ne kaɗai alherin da ke cikin abin, mutanen da mutuwa ta isa sun sami inda za su yi mata dariya. Labari ya kai kunnen Hajja. Wata Alhamis bayan la'asar, ana zaune a inuwar darbejiya ana tsince shinkafa, ta ce, "Rediyo, an ce kin tashi matattu. Kawo in gani ko akwai wanda na sani." Rifkatu ta kawo wayar, ta miƙa, ta ce mamanta na kiranta, ta gudu. Hajja ta matso da wayar dab da hancinta. Wurin gaisuwar nan ta yi dariya har ta share hawaye da gefen lafaya, ta ce wannan mataccen ɗan gidan mutunci ne. Ta ce a maimaita. A karo na uku, daidai inda Modu ya tattare yadi zai haye katanga, gefen yadin ya cika allon wayar, sai ta ce in tsayar. Ta kalla, ta kalla. A ƙusurwar yadin akwai wani ɗan ɗinki da koren zare, kamar sawun kaza. Na gan shi lokacin wanki ban kula ba. Ta miƙo mini wayar ta ce wa Umma fim ya yi kyau, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Sai da safe, bayan Baba ya fita Umma tana madafa, Hajja ta ce in tura ƙofa in jawo akwatin. Na jawo. Ta fito da yadin ta warware ninki ɗaya, biyu, uku, tana neman jan da ta gani a waya. Babu. Ni kuma, don rashin hankali, sai na ji ƙarfin gwiwa. Na durƙusa na ce ta yafe mini, aro na yi, amma ta duba ta gani, na wanke shi tas, ko ɗigo babu, sau uku na sa masa bilic. Na faɗi haka ne ina jiran ta ce to madalla. Ta kai yadin hancinta ta shinshina, can ƙarƙashin turaren. Ta sauke shi a cinyarta, ta ɗora hannu a kai. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ba fushi ba ne, da fushi ne da na fi samun sauƙi.

"Kin wanke shi," in ji ta.

Na ce e.

"Da kin bar mini jan, Zara. Ja ba ya hana komai."

A ranar na saurari labarin da ta sha ba ni ina wasa da shi. Bayan fari ya cinye garkensu suka dawo birni, saniya uku suka rage mata na gadon mahaifinta, su ta sayar ta cika kuɗin kujera. A Makka ta sayi yadin, ta ɗebo ruwan zamzam da kanta, jarka bayan jarka, tana ɗauka a ka kamar yadda take ɗaukar ƙwaryar nono, ta jiƙa shi har ya sha. Ta shanya shi a rana tare da na sauran mata, shi ya sa ta yi masa alama da koren zare don kada ya ɓace a cikinsu. Ta zauna a gefensa tana addu'a har ya bushe. Tun daga ranar ruwa bai taɓa shi ba, shekara goma sha tara. Shi ya sa take turara shi kawai ba ta wankewa. Ta ce ta san malamai sun ce ba yadi ke kai mutum Aljanna ba, ita ma ba ta ce shi ne ba. "Amma mace in za ta gaban babba tana so ta je da abin da ta tanada da hannunta," in ji ta. Zoɓon da na zuba bai raba ta da komai ba. Wankin da nake taƙama da shi, shi ya kwashe abin da ta ajiye ya zubar a kwatar gidan su Rifkatu.

Na yi kuka har na shiɗe. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma zage ni ba. Ta bari na gama, ta ce in kama gefe ɗaya mu ninke. Muka ninke, ta mayar, ta kulle. Ta ce maganar nan ta mutu a ɗakin nan, kada Baba ya ji, domin in ya ji zai sayar da abin da yake da shi da wanda ba shi da shi ya ce sai ya mayar da ita Makka, ga gari yadda yake, ga ƙannena a makaranta. Na ce akwai Hajiyar bayan layinmu da take da zamzam a gora, zan roƙo mata. Ta ce in roƙo ta sha, tana so, amma ba na yadi ba. Wanda ta ɗauko a kanta daban ne. Makullin kuma ta mayar da shi cikin ƙwaryar turare, inda yake, a gabana. Na so ta canza masa wuri. Kullum na shiga ɗauko mata turare sai na gan shi, kuma ta ci gaba da aikena kamar babu abin da ya faru.

Kwana biyu ba ta kira ni Rediyo ba, a na uku ta kira. Wasanmu ya dawo, amma ni ban ƙara sakin jiki da shi kamar da ba. Na bar harkar fim, Modu ya yi ta naci a yi kashi na biyu har ya gaji, bai kuma taɓa sanin abin da aka naɗe shi da shi ba. Na ƙudurta cewa in na girma na fara aiki, albashina na farko da na biyu da na goma duk na kujerar Hajja ne, zan riƙe mata jarkar ta zuba da hannunta. Na gaya mata, ta yi murmushi ta ce Allah ya kai mu. Sau biyu a shekara ta ci gaba da fito da yadin tana turara shi, sai dai ta daina yi a gabana. Nakan gane ne kawai in na shigo na ji ɗakin ya cika da hayaƙi.

Ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, bayan jinyar kwana tara, ban ko fara neman aiki ba. Ni aka ce in ɗauko makulli, tunda ni na san wurinsa. Na buɗe akwatin na miƙa wa tsofaffin matan da za su yi mata sutura. Suka warware shi a kan tabarma, wata ta shafa shi ta ce masha Allahu, dubi haskensa kamar jiya aka saya, abin da ya sha zamzam ai ba ya tsufa. Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Wata ta shafi yadin ta shafa a fuskarta. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da almakashin da aka aike ni in kawo. Kowa ya ɗauka kukan rabuwa kaɗai nake yi.

Yanzu layi ya dawo, har ya yi yawa. Yaran gidanmu kullum cikin ɗaukar bidiyo suke, waya da kanta take mayar da fuskar mutum ta matacce, ba sai an nemi toka ko an taɓa kayan kowa ba. Suna yi su watsa, a yi dariyar minti ɗaya a wuce. Ɗakin Hajja ya zama ma'ajiyar buhuna, ƙamshin turarenta ya daɗe a bango kafin ya tafi. Rifkatu tana aikin jinya a wani gari, mukan yi waya mu yi hirar komai ban da wannan. Ni kuma ina da aikin, ina da albashin, wadda na yi wa alkawarin ce babu. Ina kewar zaman nan na inuwar darbejiya, da muryar da ke ce mini Rediyo, har da shekarar da muka ƙi jininta saboda zaman gida.

Baba ya tsufa, ya bar zuwa kasuwa. In baƙi suka zo hira ta kai kan iyaye, sai ya gyara zama ya ce shi dai bai yi wa mahaifiyarsa abin da ya so ba, bai gina mata ɗakin da ya yi niyya ba, bai mayar da ita Umara ba, amma abu ɗaya yana sanyaya masa zuciya: a cikin zamzam aka rufe ta, wanda ta ɗebo da hannunta. Yakan juyo ya ce, "Ga Zara nan, ita ta ɗauko shi daga akwati, ku tambaye ta." Sai baƙi su kalle ni, ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka ne, Baba.

Hajja ta yafe mini tun a ɗakin nan. Wannan "haka ne" ɗin ne har yau ban san wanda zai yafe mini shi ba.